Yawan Madara da Kaurinta: Jagora ga Mai Kiwon Awakin Tatsa a Legas

Wata safiya a watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ke zuba kamar da bakin ƙwarya, wata Hajiya da ke karɓar madara a wurina tana yin kindirmo a Agege ta kira ni a waya. Muka gaisa, sai ta ce, "Malam, zan tambaye ka wani abu, don Allah kada ranka ya ɓaci. Yaranka ba sa yi wa madarar nan algus kuwa? Yau kwana uku kindirmona ya ƙi kama jikinsa."

Na ce, "Haba Hajiya, ni nake tatsa da hannuna, ni nake rufe jarka."

Ban yi mata ƙarya ba, ita ma ba ta yi mini sharri ba. Babu wanda ya zuba ruwa, amma madarar ta tsinke. A makonnin nan awakina huɗu duk sun kai ganiyar ba da nono, ciyawa ta yi sabon toho, ni kuma da na ga bokiti yana cika sai na ƙara musu dusa don ya ƙara cika. Ina ta murnar yawan lita, ashe tun a cikin hantsa ruwan ke ƙaruwa. Wannan kira ne ya sa na sayi sikeli da littafi, kuma abin da na koya daga nan shi zan shimfiɗa a nan mataki-mataki, don mai akuya biyu a bayan ɗaki a Idi-Araba da mai garke a gefen Ikorodu ko Epe.

Mataki na farko: ka san abin da ke cikin kofin

Madarar akuya, in aka yi mata kuɗin goro, kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Ragowar kashi 13 shi ne abincin: maiƙo wajen kashi 4, furotin kashi 3 da ɗoriya, sukarin madara kashi 4 da ɗoriya, sai ma'adanai irin su kalsiyam da ba su cika kashi 1 ba. Maiƙo da furotin su ne abin da muke kira kauri. Su ne ke sa kindirmo ya tsaya a ludayi, su ne ke zama wara.

Sukarin nan, wanda masana ke kira laktos, shi ne mai jawo ruwa daga jini zuwa cikin hantsa. Duk sukarin da hantsa ta haɗa yana zuwa da rabonsa na ruwa, shi ya sa adadinsa a cikin lita ba ya cika motsawa, ko akuya ta ba da rabin lita ko ta ba da uku. Yawan madara ke nan yana bin yawan sukarin da hantsa ta iya haɗawa. Maiƙo da furotin kuwa hanyarsu daban, kuma in ruwa ya yi gudu ba sa iya kamo shi. Ka ɗauka mai shayi ne ya ninka ruwan zafinsa sau uku, amma madarar gwangwani sau biyu kawai ya ninka. Madarar da ke cikin tukunya ta fi ta jiya yawa, amma kowane kofi ya fi na jiya tsinkewa.

A nan ne mutane ke rabuwa gida biyu, kowa da rabin gaskiya. Wani ya ce akuya mai yawan nono ruwa take bayarwa, wani ya ce ai yawa shi ne riba. Abin da ke faruwa shi ne idan madara ta ƙaru, kaurin kowace lita yakan ragu, amma jimillar maiƙo da furotin da akuyar ta bayar a yini yakan ƙaru. In ka riƙe wannan, sauran bayanin duk mai sauƙi ne.

Mataki na biyu: wa kake tatsar wa?

Mai sayen madara ɗanya ya kai gida ya tafasa wa yara, lita yake biya. Mai kindirmo, mai yogot da mai wara kuwa kauri suke saye, ko da a baki lita ake ciniki. In ka ba su tsinkakkiya sau biyu sau uku, za su koma wa madarar gari da ke cike a kowane shago a Mile 12. Ka tsayar da wannan tun kafin ka sayi akuya, domin shi zai nuna maka irin da za ka nema da yadda za ka ciyar.

Mataki na uku: awo

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da kake buƙata ba shi da yawa: ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, kofi mai zanen lita, tsumma fari mai tsabta, da littafi. Kowace akuya ka ba ta shafinta, ka rubuta ranar da ta haihu, haihuwa ta nawa ce, 'ya'ya nawa ta haifa. Sannan kullum ka rubuta abin da ta bayar. Lita ɗaya ta madara ta ɗan ɗara kilo ɗaya kaɗan, wajen giram 1,030, don haka ko da sikeli ka auna ko da kofi, lissafin ba zai yi nisa da juna ba.

In 'ya'yan suna tsotso, kamar yadda galibinmu muke bari, kada ka taɓa nonon har su yi mako biyu zuwa uku. Bayan nan ka riƙa raba su da uwar da magariba, ka tatse da asuba, ka sake su su yini tare. Abin da ka samu na awa 12 ne, ka ninka biyu ka samu kimanin na yini. Ka tsare lokacin sosai, domin tazara tana canza sakamako. In ta yi tsawo madara ta fi yawa amma ta fi tsinkewa, shi ya sa mai tatsa sau biyu yakan ga ta safe ta fi yawa, ta yamma ta fi maiƙo.

Akwai wani kuskure da kusan kowa ke yi wajen ɗibar madarar gwaji. Wadda ke fara fitowa daga hantsa ba ta da maiƙo sosai, ta ƙarshe ita ce mai maiƙo. In ka ɗiba daga farkon tatsa za ka zargi akuya a banza, in ka ɗiba daga ƙarshe za ka yabe ta fiye da ƙima. Ka tatse ta tas, ka juya madarar a hankali ta gauraya, sannan ka ɗiba. Wannan kuma yana nuna maka asarar da mai gaggawa ke yi. In ka bar ragowa a hantsa ka bar mafi maiƙon madarar, kuma jikin akuya zai ɗauka ba a buƙatar nonon, ya rage.

To yaya za a auna kauri ba tare da ɗakin gwaji ba? Hanyar da na fi amincewa da ita a gida ita ce gwajin wara. Sau ɗaya a mako biyu, ka ɗebi rabin lita daga kowace akuya daban, ka ɗora a wuta har ta kusa tafasa, ka sauke, ka zuba ruwan lemon tsami awo ɗaya ga kowa, ka bari ta tsinke ta ware. Ka juye a tsumma, ka rataye awa ɗaya cif, ka ɗora dunƙulen a sikeli. Dunƙulen nan maiƙo ne da furotin da ɗan ruwan da suka riƙe. Ba zai gaya maka kashi nawa ba ne, amma zai nuna maka wace akuya ta fi wata, kuma zai nuna maka ko akuya ɗaya tana hawa ko tana sauka. Sharaɗin kawai shi ne komai ya zama iri ɗaya kowane lokaci: wuta, tsami, tsumma, tsawon ratayewa. Masu wara da ruwan tumfafiya suke tsinka tasu, kuma shi ma zai yi in ka iya daidaita awonsa.

Kada ka dogara da ajiye madara a kwalba kana jiran maiƙo ya taso sama kamar na saniya. Ƙwayoyin maiƙon akuya ƙanana ne kuma ba sa saurin haɗuwa, sai a kwana biyu a firji ba su gama tasowa ba. Kada kuma fari ya ruɗe ka. Madarar akuya fara ce fat ko mai kauri ko marar kauri, saboda jikinta yana mayar da sinadarin da ke sa ta saniya ɗorawa-ɗorawa ya zama bitamin A.

Akwai wani ɗan gilashi mai iyo da ake kira laktomita, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gwaji. Madara lafiyayya takan nuna tsakanin 1.028 da 1.034. In an zuba ruwa sai ya faɗi ƙasa, don haka yana raba gardama irin wadda ta kusa shiga tsakanina da Hajiya. Sai dai ba ya auna maiƙo. Maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi, har madara mai maiƙo sosai tana iya nuna ƙasa da wadda aka kwashe wa maiƙo. Kuma an tsara shi ne a kan wani zafi da ke rubuce a jikinsa, galibi digiri 15 ko 20, ga shi Legas ba ta san wannan sanyin ba, sai ka sanyaya madarar kafin ka tsoma shi. Wanda garkensa ya yi girma, ya kai samfuri ɗakin gwajin abinci ko sashen kimiyyar dabbobi na jami'a. Akwai na'urorin da ke fitar da maiƙo, furotin da sukari cikin minti ɗaya ko biyu.

Mataki na huɗu: lissafi

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga misali da awaki biyu. Ta farko mai jinin Turai ce, tana ba da lita 2.5 a yini, maiƙonta kashi 3.2. Ta biyu jar akuya ce, tana ba da lita 0.8, maiƙonta kashi 5.5. In ka ɗanɗana, ta biyu za ka zaɓa. In ka ninka kuwa, ta farko ta ba ka maiƙo giram 80 a yini, ta biyu giram 44.

Tun shekarun 1920 masana a Amurka suka fitar da wata ƙa'ida ta daidaita madara a kan maiƙo kashi 4, don a iya gwama dabbobi da adalci. Da shanu aka fara, ana kuma amfani da ita ga awaki. Ka ninka kilon madara da 0.4, ka ninka kilon maiƙo da 15, ka haɗa. Akuya ta farko: 1.0 da 1.2, jimilla 2.2. Ta biyu: 0.32 da 0.66, jimilla 0.98. Ka ga a bokiti ta farko ta ninka ta biyu fiye da sau uku, amma da aka daidaita sai tazarar ta dawo sau biyu da 'yan kai. In ba ka da adadin maiƙo, yi haka da gwajin wara: nauyin dunƙulen rabin lita, ka ninka da yawan rabin litar da ta bayar a yini.

Lissafin bai ƙare ba sai ka ɗora kuɗin abinci da magani a ɗaya gefen. Babbar akuya tana cin kusan ninkin ƙarama, kuma a laimar Legas ta fi yawan ganin likita. Na sha ganin inda jajaye uku suka fi baƙuwa ɗaya riba, na kuma ga inda baƙuwar ta fi, a hannun mai kula.

Mataki na biyar: duba kwanan wata kafin ka zargi kowa

Kwana uku zuwa huɗu na farko dakashi ne, mai kauri, mai ɗauke da garkuwar jiki. Na 'ya'ya ne, ba a sayarwa, ba a haɗa shi da sauran madara. Daga nan madara takan yi ta hawa har ta kai ganiya tsakanin mako na 4 da na 8, kuma daidai wannan lokaci ne maiƙo da furotin ke sauka zuwa mafi ƙanƙanta. In nono ya fara ja baya sai kauri ya dawo, har ta ƙarshen zango ta fi kowacce kauri. Awakin Turai na tatsa sukan kai wata 10 suna bayarwa, namu na gida galibi wata 3 zuwa 4 nono ya ƙafe.

Shekaru ma suna da hannu. 'Yar haihuwar fari ba ta kai ƙarfinta ba, sai a haihuwa ta uku ko ta huɗu. Mai tagwaye takan fi mai ɗa ɗaya yawan nono. Don haka kada ka gwama sabuwar haihuwa da wadda ta kusa yaye, ko budurwa da uwar garke, ka ce ka gano ta ƙwarai. Akuya tana ɗaukar ciki kwana 150 ne, kuma tana buƙatar hutun tatsa na wata 2 kafin ta sake haihuwa. In ka hana ta wannan hutu, zango mai zuwa za ka biya.

Mataki na shida: abinci, inda yawancin gyara yake

Abin da akuya ta ci ba kai tsaye yake zama madara ba. Sai ya sauka a tumbi, ƙwayoyin halitta da ke ciki su narkar da shi. In harawa ce ko ciyawa mai ƙwari, abin da ke fitowa daga narkewar shi hantsa ke gina maiƙo da shi. In masara ce ko dusa mai yawan gari, abin da ke fitowa hanta ke mayarwa sukari, sukari kuma ya jawo ruwa, madara ta ƙaru. Harawa ke nan tana riƙe da kauri, hatsi yana riƙe da yawa, aikinka shi ne kada ɗaya ya danne ɗaya.

In dusa da hatsi suka yi yawa, tumbi sai ya yi tsami. Akuya ta rage tuƙa, kashinta ya daina fita ƙwaya-ƙwaya ya koma dunƙule ko zawo, yau ta ci gobe ta ƙi, maiƙon madara ya faɗi. In abin ya yi tsanani yana kashewa, musamman wadda ta kwance ta faɗa wa buhun masara. Tuƙa ita ce ma'aunin da ba ka saya da kuɗi ba. Miyan da akuya ke haɗiya lokacin tuƙa shi ke kashe tsamin tumbi. Ka leƙa da rana tsaka lokacin da suke kwance, in yawancinsu ba sa tuƙa, akwai gyara a komi.

Ga yadda nake yi. Akuya mai shayarwa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 4 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 30 za ta ci kilo 1.2 ko kusa da haka. Aƙalla rabin wannan ya zama harawa, ciyawa da ganye. Haɗin dusa kuma ya bi abin da take bayarwa, wajen giram 300 zuwa 500 a kan kowace lita, a raba shi sau biyu ko uku a yini. Da safe harawa ke fara shiga komi, sai ta ɗan ci sannan dusa ta biyo. Duk sabon abinci a shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Gishiri da 'yar kanwa su kasance a gefe ta lasa in ta so, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke, domin akuya ta gwammace ƙishi da ta sha ruwan da ƙazanta ta faɗa.

Matsalarmu a nan kurmi ita ce harawa daga Arewa take zuwa a mota, ta iso da tsada, kuma in Babbar Sallah ta matso masu raguna a Oko-Oba sun kwashe. Abin da ke da sauƙin samu shi ne dusar alkama, tunda kamfanonin fulawa suna nan Apapa, sai dusar ƙwarar manja da ɓawon rogo. Sauƙin nan shi ke jan mutum ya cika komi da dusa. Ka sayi harawar wake da ta gyaɗa da kowa, wato ɓawon wake, bayan kaka, lokacin da suke da araha, ka jera a kan katako nesa da ƙasa da bango. Ka cike giɓin da abin da ke tsirowa a nan: ciyawar giwa, ganyen zogale, da ganyen bishiyar shingen nan da Yarbawa ke kira agunmaniye, wanda in ya ɗan sha iska awaki sun fi cinsa. Ɓawon rogo sai an shanya shi ya bushe sosai, ɗanyensa yana da guba.

Ciyawar damina sabuwar toho kuwa, kyanta a ido yake. Ruwa ne ya fi yawa a cikinta, ba ta da ƙwarin da zai sa tuƙa. Ka yanko ta bayan raɓa ta bushe, ka baza ta a inuwa ta yi yaushi, ka haɗa da harawa. Yin haka yana kuma rage tsutsar ciki da ke hawa jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Abu biyu nake roƙon kowa a kansu. Kada a ba akuyar tatsa ƙuli-ƙuli, masara ko dusar da ta yi funfuna. A laimar Legas buhu yana lalacewa cikin 'yan kwanaki, kuma gubar funfuna, wadda ake kira afulatoksin, tana ratsawa ta fito a madara, tafasawa ba ta kashe ta, yara ne kuma za su sha. Na biyu, leda. Akuyar da ke yawo a layi tana haɗiyar leda, ta taru a tumbi ta toshe wuri, sai ka ga dabba tana ramewa nono yana ƙafewa ba ka san dalili ba.

Sannan ba kowane kauri ne abin murna ba. Akuyar da ta haihu kwanan nan, in abinci bai ishe ta ba, sai ta narkar da kitsen jikinta ta zuba a nono. Madara ta ragu, maiƙo ya hau, ƙashin bayanta ya fito. Mai ita yana yabon kauri alhali dabbar cin kanta take yi. Maganin wannan ƙarin abinci ne mai ƙarfi, a hankali. Furotin ɗin madara kuwa ba ya motsawa da sauƙi kamar maiƙo. Ƙara ƙuli-ƙuli fiye da buƙata ba ya ɗaga shi sosai, ya fi jin ƙoshi gaba ɗaya, ya kuma fi bin jini.

Mataki na bakwai: zafi, laima da lafiyar hantsa

In zafi ya haɗu da laima, kamar a watannin Fabrairu da Maris, akuya takan rage ci, ta tsince dusa ta bar harawa, sai yawa da kauri su faɗi tare. Duk lokacin da ka ga sun faɗi tare, ba tsinkewar ganiya ba ce, wani abu ne ke damun dabbar. Ka mayar da babban ci zuwa sassafe da bayan la'asar, ka buɗe ɗaki iska ta ratsa, ka ɗaga daɓe da katako mai tazara don fitsari da kashi su zuba ƙasa. Ka riƙa jan fatar idonta ta ƙasa kana dubawa, in ta yi fari maimakon ja, tsutsa na shan jininta.

Ciwon hantsa yana juya madara ta wata fuska. Sukari ya ragu, gishiri ya ƙaru, furotin ɗin da ke kama kindirmo ya lalace. Kafin kowace tatsa ka wanke hannu, ka goge hantsa da tsumma mai tsabta, ka tatsi zubi biyu na farko a baƙin kofi ka duba ko akwai gudaji ko jini. In ɓangare ɗaya ya yi zafi ko tauri, ko madararsa ta yi gishiri-gishiri, ka ware ta ka kira likitan dabbobi. In an yi wa akuya allurar kashe ƙwayoyin cuta, madararta ba ta shiga jarka sai kwanakin da ke rubuce a jikin maganin sun cika. Ragowar maganin tana kashe irin kindirmo, ya kwana bai kama ba, kuma ba ta da kyau ga mai sha. Bunsuru a ɗaure shi nesa da wurin tatsa don warinsa. Madara kuma a tafasa ta, ko a riƙe ta a digiri 63 na minti 30, saboda bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, da tarin fuka suna bin ɗanyar madara.

Mataki na takwas: jini

Gajerar akuyar kudu da ƙyar take cika rabin lita, amma maiƙonta yakan haura kashi 6, kuma ta fi kowa jure laima da sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Daga cikin jininta ne Amurkawa suka fitar da 'yar ƙaramar akuyar tatsa da suke kira da sunan Nijeriya, suna ji da ita saboda maiƙo. Jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin fatake, takan ba da rabin lita zuwa lita 1 in ta ƙoshi, maiƙonta wajen kashi 5, ga yawan tagwaye. Sanen, farar akuyar Suwizalan, a ƙasarta tana kai lita 3 a yini, maiƙonta tsakanin kashi 3 da 4, amma zafi yana wahalar da ita, kuma abin da ta bayar a can ba shi za ta ba ka a Badagry ba. Angulo-Nubiyan mai dogon kunne, wadda aka haɗa a Ingila, ba ta kai Sanen yawa ba, maiƙonta yana kusan kashi 5, ta kuma fi ta jure zafi. Ka lura jerin nan kansa yana maimaita ƙa'idar farko: mai yawa ta fi tsinkewa, mai kaɗan ta fi kauri. Bowa ta Afirka ta Kudu da ake yayi yanzu akuyar nama ce, kada kyan jikinta ya sa ka saye ta don nono.

A ganina, mai farawa a Legas ya fara da jajaye masu kyan hantsa, ya koyi ciyarwa da awo a kansu, sannan in ya ga hannunsa ya faɗa ya nemi bunsuru mai jinin tatsa ya yi barbara. 'Ya'yan sukan faɗo tsakiya, sun fi uwa yawa, sun fi dangin uba kauri da juriya. Mai neman shawara a kan iri yana iya tuntuɓar cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya. Duk sabuwar akuya a keɓe ta mako uku zuwa huɗu, a yi mata rigakafin PPR, annobar awaki da tumaki, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke haɗawa.

Wajen zaɓen 'yan matan da za ka bari su zama iyayen gobe, ka tuna kauri ya fi yawan madara bin jini. In kana zaɓar 'ya'yan mai cika bokiti kawai, shekara bayan shekara madarar garkenka za ta yi ta tsinkewa. Ka buɗe littafi, ka zaɓi 'ya'yan wadda jimillar wararta ta zango guda ta fi yawa.

Abin da ya gyara tsakanina da Hajiya bai wuce abu uku ba. Na rage dusa na mayar da harawa gaba, cikin mako biyu dunƙulen gwaji ya fara nauyi. Na daina sakin bunsuru ga dukan awaki lokaci ɗaya, na raba barbara gida biyu da tazarar wata biyu, yadda in wasu suna ganiya wasu sun gangara, madararsu ta haɗu a jarka ɗaya ta daidaita. Sannan muka yi yarjejeniya duk ranar Asabar ta farkon wata za ta ɗebi rabin lita daga jarkar da na kawo ta yi gwajin wara a kicin ɗinta, ni ma in yi nawa a gida, mu gaya wa juna nauyin a waya.